Idan firji ya tsaya: abin da za a ceta, abin da za a zubar, da yadda za a gano matsalar

Galibi ba a farga da cewa firji ya tsaya sai an ga ruwa ya malalo ƙasa, ko an taɓa ledar nama an ji ta yi laushi. Daga nan abu biyu ne a gabanku: abincin da ke ciki, da injin da ya ƙi aiki. Mutane da yawa sukan fara da injin, su yi ta buɗe ƙofa suna leƙawa, suna murɗa makunni, suna neman lambar mai gyara, alhali abincin ne ba ya jira. Firji zai iya kwana uku a mace, a gyara shi ya tashi garau. Naman da ya wuni a ɗumi kuwa babu mai gyara shi. Don haka abinci za a sa a gaba, kuma da abu biyu za a yanke masa hukunci: tsawon lokacin da ya yi, da yawan ɗumin da ya sha. Hanci ba ya cikin alƙalan, kuma zan faɗi dalili.

Da farko: ku rufe ƙofa, ku duba agogo

Sanyin da ya rage a ciki shi ne jarinku. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, shi ya sa duk lokacin da aka buɗe ƙofar firji na tsaye sai ta zubo ƙasa, ta ɗaki ta maye gurbinta. Ku gaya wa kowa a gidan kada ya buɗe, musamman yara, in ta kama ku manna takarda a ƙofar.

Hukumomin kula da abinci na Amurka sun daɗe suna bayar da ƙiyasi guda, kuma shi ne aka fi amfani da shi: firjin da ba a buɗe ba yana riƙe abinci lafiya kusan awa 4, firiza cike maƙil tana kaiwa awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24. Wannan lissafi ya ɗauka cewa ƙofa a rufe take, kuma kayan sun daskare sosai tun kafin tsayawar. Idan ɗakin na da zafi, ko robar ƙofar ta saki, ku rage daga ciki. Firiza ta kwance, mai murfi a sama, ta fi ta tsaye juriya, domin ko an buɗe ta sanyin yana kwance a ƙasa.

Sai ku yi ƙoƙarin gano lokacin da ya tsaya. Yaushe aka sha ruwa mai sanyi sosai na ƙarshe? Yaushe aka ji ƙugin injin? Ku rubuta lokacin a takarda, domin nan da awa shida kowa zai tuna da nasa lokacin daban. Idan ba a sani ba, misali an dawo daga tafiya an tarar da shi shiru, a ɗauki mafi muni.

Minti biyar na duba wuta, kada su wuce haka

Fitilar ciki tana kamawa? In ba ta kamawa, wataƙila wuta ce ba ta isa wurinsa ba. Ku jona wani abu a soket ɗin, ko da cajar waya ce. Ku duba fulogi, da fis, da akwatin makunnan gida ko wani ya faɗi. Idan da doguwar waya aka jawo masa wuta, a cire ta a jona shi kai tsaye a bango. Ku duba makunnin daidaita sanyi, sau da yawa kwano ko hannun yaro ne ke ture shi. Ku duba ko wata tukunya ce ta hana ƙofa rufuwa.

Idan kun ji ƙaurin waya, ko soket ya yi baƙi, ko jikin firjin yana jan mutum, ku zare shi kada ku sake jonawa. In kuma kun zare don gwaji ne, ku jira kamar minti biyar kafin ku mayar, domin iskar da ke cikin bututu ta daidaita; tayar da kwampreso, wato injin da ke bayan firji mai tura wannan iska, nan take yana wahalar da shi. Bai tashi ba? Ku ƙyale shi, ku koma kan abinci.

Kwashe kaya zuwa wani sanyin

Idan da alamar gyara zai wuce awa 4, kada ku jira awannin su cika. Ku nemo kular ƙanƙara, ku nemo ƙanƙara, ku ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta ko 'yan uwa masu sarari a firizarsu. Babu abin kunya a wannan roƙo, yau ku ne gobe su ne. Ku rubuta suna a ledojinku don kada kaya su cakuɗe.

Abin da za a fara fitarwa shi ne magani da abincin jarirai, sai ɗanyen nama da kaza da kifi, sai madara da danginta, sai dafaffen abinci. Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da ba a yanka ba su ne na ƙarshe, za su iya jira a inuwa. A cikin kula, ɗanyen nama ya zauna a can ƙasa cikin leda biyu ko mazubi mai murfi, domin jininsa kada ya ɗiga a kan abin da za a ci ba tare da dafawa ba. Ƙanƙara ta hau sama da gefe, tunda sanyi sauka yake yi. Babban dunƙule ya fi ƙanana daɗewa. A cike sauran sarari da tawul ko takarda, a ajiye kular nesa da rana da murhu.

Idan ɓangaren firji ne kaɗai ya mutu, firiza na aiki, kun yi sa'a: ku mayar da nama da madara firiza, ku daskarar da gorunan ruwa kuna sa su a ɓangaren da ya mutu kuna musanyawa. In duka biyun ne, ku tattara daskararrun kaya wuri guda su jingina da juna, ku ƙara musu ƙanƙara, sannan a lulluɓe jikin firjin da bargo. Bargon sai an tabbatar an zare fulogi, domin idan injin ya tashi a lulluɓe zai yi zafi.

A inda ake samun busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon-dayoksaid, kimanin kilo 23 na riƙe cikakkiyar firiza mai lita 500 har kwana biyu. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona fata, don haka sai da safar hannu mai kauri. Kada ta taɓa abinci kai tsaye, kada a toshe ta a mazubin da iska ba ta fita, kuma a bar taga a buɗe. Idan kuwa ɗaukewar wuta ce matsalar kuka koma ga janareta, a waje za a ajiye shi, kamar mita 6 daga ƙofa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mutane a cikin barci.

Tantancewa, inda aka fi yin kuskure

Ga lambobin da ya kamata a haddace. Firji mai lafiya yana tsakanin digiri 0 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyas, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Tsakanin digiri 5 da 60 nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma in sun sami yanayin da suke so wasunsu na ninkawa duk minti 20. A wannan gudu, ƙwaya ɗaya ta zama fiye da 4,000 cikin awa 4, ta haura miliyan biyu cikin awa 7. Daga nan aka samo ƙa'idar cewa abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa 2 a wannan tsakani, ko awa 1 idan zafin wurin ya haura digiri 32.

Idan kuna da ma'aunin zafi na abinci, aikinku ya yi sauƙi: ku cusa shi tsakanin ledoji ko cikin abincin, kowanne daban. In babu, hannu da ido za su yi aiki a kayan firiza kawai. Abin da har yanzu yake da ƙwayoyin ƙanƙara a cikinsa, ko tsakiyarsa na da tauri, ko sanyinsa bai gaza na firji ba, yana nan lafiya. Ana iya dafa shi, ana kuma iya sake daskarar da shi, sai dai ɗanɗano da laushinsa za su ragu. Abin da ya narke gaba ɗaya ya kuma yi ɗumi, ba a san tun yaushe ba, ya tafi.

Yanzu maganar hanci. Ƙwayoyin da ke sa abinci wari da tsami da yauƙi daban suke da waɗanda ke kwantar da mutum. Masu cutarwar, irin su Salmonella da Listeria da wasu nau'o'in E. coli, ba sa canza ƙamshi ko launi ko ɗanɗano. Wari hujja ce ta a zubar, amma rashin wari ba hujja ba ce ta a ci. Kuma don Allah kada a ɗanɗana don gwaji. Ɗan lasa ɗaya ya isa ya kwantar da mutum.

Kuskure na biyu ya fi wannan yaɗuwa: tunanin cewa wuta tana wanke komai. Gaskiya ne tafasa na kashe yawancin ƙwayoyin, amma wasunsu kafin su mutu sun riga sun zuba guba a abincin, gubar kuma ba ta jin wuta. Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da hancin mutane da yawa, tana shiga dafaffen abinci ta hannu, gubarta kuma na jure tafasa. Amai yakan fara tsakanin minti 30 zuwa awa 8. Bacillus cereus tana tsira daga dahuwar farko a shinkafa da taliya, ta farfaɗo idan sun zauna a ɗumi, ta bar gubar da ɗumame ba ya kawarwa. Kifi irin su tuna da makarel da sadin in sun sha ɗumi suna tara sinadarin histamin, wanda suya ko gashi ko sake daskarewa ba sa rage shi. Wanda ya ci sai fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya yi ƙaiƙayi cikin ɗan lokaci. To duk wanda ya ce "a tafasa sosai kawai", ya faɗi rabin gaskiya ne.

Abubuwan da za a zubar idan sun haura awa 2 a sama da digiri 5: ɗanyen nama da dafaffe, kaza, kifi da sauran kayan ruwa, niƙaƙƙen nama da tsiran alade ko na saniya, madarar da aka buɗe, yogot, cuku mai laushi, miya da romo, dafaffiyar shinkafa da taliya da wake da dankali, dafaffen ƙwai da duk abin da aka haɗa da ƙwai ko kirim, salak da aka haɗa, 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da aka yanka, gwangwanin nama ko kifi da aka fasa, da madarar jarirai da aka dama. Askirim da ya narke shi ma ba a mayar da shi. Haka duk abin da jinin ɗanyen nama ya zuba a kansa, ko da shi kansa mai juriya ne, in dai ba a cikin rufaffen mazubin da za a iya wankewa yake ba.

Waɗanda sukan tsira: bota, cuku mai tauri, burodi, 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da ba a yanka ba, jam, zuma, kecap, mustad, kayan da aka jiƙa a ruwan khal, lemon kwalba, da garin abinci ko gyaɗa da aka sa a firiza don gudun ƙwari. A duba su dai, in an ga funfuna ko yauƙi a rabu da su. Ɗanyen ƙwai yana da bayani: a ƙasashen da ake wanke shi kafin sayarwa, wankin na cire rigar da ke toshe ƙofofin ɓawonsa, don haka dole ya zauna a sanyi. Sannan kowane ƙwai da ya yi sanyi ya dawo ɗumi yakan yi gumi, danshin kuma na taimaka wa ƙwayoyin cuta su ratsa ɓawo. Ƙwan da ya wuni a mataccen firji ban ba da shawarar a ajiye shi ba.

Na san nauyin wannan mataki. Firiza cike da nama guzurin watanni ne, gumin mutum ne, kuma an tarbiyyantar da mu a kan ƙin ɓarnar abinci. Amma ɓarnar ta riga ta auku tun lokacin da sanyi ya tafi. Cin abin ba zai dawo da shi ba, sai dai garin neman ƙiba a samo rama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da babba zai ci ya sha da murɗar ciki ta kwana ɗaya, shi zai iya kai yaro ko tsoho ko mai juna biyu gadon asibiti. Abin da ba ku yarda ku ci ba, kada a ba almajiri ko mai aiki ko maƙwabci da sunan sadaka, kada kuma a ba dabbobin gida.

Abin da ya tsira, a ɗora shi a wuta yau

Naman da ya narke amma yana da sanyi, in babu inda za a sake daskarar da shi, a dafa shi yanzu. A fara da kifi da niƙaƙƙen nama da kayan ciki, su ne masu saurin juyawa, sai kaza, sai manyan yanka. Dahuwa ta ratsa har tsakiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce digiri 70, ga kaza kuwa an fi so a kai 74. In babu ma'auni, a tsaga wuri mafi kauri a ga babu ja, ruwan da ke fita kuma fari ne.

Sai dai dafawa ba ta tsayar da agogo, sabon lissafi take buɗewa. Dafaffen ma awa 2 gare shi a ɗumin ɗaki. Ko dai a ci, ko a bar shi a kan wuta kaɗan yana turiri sama da digiri 60, ko a rarraba shi a ƙananan mazubai marasa zurfi ya huce da wuri a kai shi sanyi. Wannan ita ce ranar kiran dangi da maƙwabta a ci tare, ko a aika musu da zafinsa. Wanda ya iya busar da nama ko kyafe shi ko gishirta shi, hanya ce mai kyau, da sharaɗin naman lafiyayye ne tun farko. Hayaƙi da gishiri da yaji suna ɓoye wari, ba sa warkar da abin da ya lalace.

Magani da nonon jariri

Insulin, allurar masu ciwon sukari, a tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi, amma yawancin nau'o'insa na jure har kwana 28 a wajen firji muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Babban makashinsa daskarewa ne: a kula, a naɗe shi a ƙyalle kada ya taɓa ƙanƙara, kuma wanda ya taɓa daskarewa ba a amfani da shi ko ya narke. Sauran magungunan sanyi kowanne da ƙa'idarsa. A karanta takardar da ke cikin kwalin, a tambayi mai harhaɗa magani, kada mara lafiya ya daina shan magani da kansa ba tare da an sama masa madadi ba.

Nonon uwa da aka tatsa aka daskarar, in yana da sauran ƙanƙara a ciki ana iya mayar da shi firiza. In ya narke duka amma da sanyinsa, a shayar da shi cikin awa 24, ba a sake daskarar da shi. A kula mai ƙanƙara yana kaiwa awa 24.

Zubarwa da wankewa

Kafin a zubar, ku ɗauki hoton kayan da na firjin, ku rubuta jerinsu. Idan firjin na cikin garanti, ko kuna da inshorar kayan gida, ko na mai gidan haya ne, wannan shaida za ta yi amfani. Ku nemo rasit, ku kira kamfanin kafin wani ya kwance injin, domin taɓawar mai gyaran da ba nasu ba takan soke garanti.

A sa safar hannu, a ƙulle ruɓaɓɓen abinci a leda biyu, a fitar da shi daga gida zuwa shara mai murfi inda yara da dabbobi ba za su kai ba. A zare fulogi, a fitar da faranti da aljihuna. Farantin gilas a bar shi ya saki sanyi kafin ruwan zafi ya taɓa shi, in ba haka ba zai tsage. A wanke komai da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, sannan a goge da ruwan bilic: babban cokali ɗaya a ruwa kusan lita 4. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal ko da wani sinadarin wanki, haɗin na fitar da iska mai guba. Wuraren da ake mantawa su ne lungunan robar ƙofa, da ramin da ruwa ke bi a bangon ciki, da tiren da ke baya a saman kwampreso. Jinin nama yakan taru a can, kuma sau da yawa shi ne tushen ɗoyin da ya ƙi tafiya.

A bar ƙofa a buɗe ya sha iska, kwana ɗaya ko fiye. In wari ya nace, a zuba gawayi ko bekin soda ko garin kofi a faranti a rufe a ciki na 'yan kwanaki, ana canzawa. Idan ruwan ruɓa ya riga ya shige cikin soson da ke tsakanin bangon firjin, da wuya warin ya fita.

Sauraren injin kafin a kira mai gyara

Ba sai kun zama masu gyara ba, amma sanin alamomi na hana a yi muku cuwa-cuwa. Firji yana aiki ne da kwampreso, baƙin tulun ƙarfen nan da ke baya, wanda ke tura iskar gas ta cikin bututu. Tana kwashe zafi daga ciki ta zubar da shi ta ragar baya.

Idan kuna jin "ƙyas" duk bayan 'yan mintuna, injin ya yi ƙugi kaɗan ya mutu, galibi ɗan ƙaramin abin da ke tayar da kwampreso ne, rile ko kafasita, ko kuma wuta ce ta yi ƙasa. Wannan ƙaramin gyara ne, ko da yake wani lokaci kwampreson ne da kansa ya cije. Kada a bar shi yana ta wannan yunƙuri, a zare shi. Idan firiza na sanyi amma ɓangaren firji ya yi ɗumi, a zargi fankar ciki, ko ƙanƙarar da ta toshe hanyar iska. Gwajinsa: a kwashe kaya, a zare fulogi, a bar ƙofofi a buɗe awa 24. In ya dawo daidai sannan bayan kwanaki ya sake, to na'urar narkar da ƙanƙara ce ta lalace, hita ko abin da ke kunna ta. Idan injin na aiki ba hutawa amma sanyi kaɗan ne, a share ƙurar ragar baya, a matsar da shi daga bango, a gwada robar ƙofa da takarda: a datse ta a ƙofar a ja, in ta zare ba turjiya, robar ta saki.

Abu biyu nake so a riƙe da kyau. Na farko, kada a sa wuƙa ko sukundireba a fasa ƙanƙarar firiza. Bututun gas na nan dab da bangon, huda ɗaya ta gama da shi. Kwanon ruwan zafi da haƙuri sun isa. Yawancin firjin gida na yanzu suna amfani da gas mai suna R600a, wanda ke kama wuta; in an huda, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana ko a kunna wani abu kusa. Na biyu, gas ɗin firji ba ya ƙarewa don an daɗe ana amfani da shi. A rufaffen bututu yake zagayawa, ba a ƙona shi. Duk firjin da gas ɗinsa ya ragu, yoyo yake yi. Mai gyaran da ya ce zai ƙara gas ba tare da ya nemo inda yake zuba ya toshe ba, zai dawo ya sake karɓar kuɗinku nan da 'yan makonni. Ku tambaye shi ina yoyon yake, wane gas zai sa, ku gwada da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin firjin. Ku nemi a faɗa muku kuɗin aiki kafin a fara, a kuma ba ku tsohon kayan da aka cire.

Gyara ko sabo? A ganina rile, fanka, roba, hita da makunnin sanyi duk sun cancanci gyara. Mutuwar kwampreso a firjin da ya haura shekara goma, ko yoyo a bututun da ke binne cikin bango, nan ne ya kamata a yi lissafi, musamman in kuɗin ya doshi rabin na sabo.

Idan wani ya riga ya ci

Amai, gudawa, murɗar ciki da zazzaɓi na iya zuwa cikin awa ɗaya ko bayan kwanaki. Babban haɗarin shi ne ƙarewar ruwan jiki. A riƙa ba da ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: ƙullin da ake sayarwa ya fi, in babu a haɗa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Mai shayarwa ta ci gaba da shayarwa. A tafi asibiti idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya kai digiri 39, ko amai ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ɗauke, ko gudawa ta wuce kwana uku. Jariri, tsoho, mai juna biyu da mai raunin garkuwar jiki ba a jira da su. Gani bibbiyu, nauyin fatar ido, wahalar haɗiya ko mutuwar jiki alamun gaggawa ne, a tafi nan take. Mai juna biyu kuma ta sani cewa Listeria na iya ɗaukar makonni kafin ta bayyana, kamar mura da zazzaɓi, kuma tana iya taɓa cikin. Ta gaya wa likita abin da ta ci.

Bayan an gyara, ko an sayi sabo

Kada a loda kaya da zarar ya tashi. A bar shi ya kai sanyinsa, wanda kan ɗauki awanni, wani lokaci har kwana guda. Wanda aka ɗauko a mota, musamman a kwance, a bar shi a tsaye na awannin da kamfanin ya ƙayyade kafin a jona, domin man kwampreso ya koma mazauninsa. Ku sayi ƙaramin ma'aunin sanyi guda biyu, ɗaya a firji ɗaya a firiza. Lambobin da ke kan makunni ba digiri ba ne. Ku cike sararin firiza da gorunan ruwa, kuna barin ɗan wuri a wuyansu don ƙanƙara na kumbura. Ranar da ta ɓaci su ne ƙanƙararku. Inda wuta ke hawa da sauka, sitabilaiza ko na'urar da ke jinkirta kunnawa bayan dawowar wuta tana kare kwampreso. Mai sayen sabo ya duba harafin yanayi a takardar jikinsa: N na aiki har digiri 32 na zafin ɗaki, ST har 38, T har 43. Firjin N a ɗaki mai zafin 40 zai yi ta wahala har ya mutu da wuri.

Tsohon da aka haƙura da shi kuma, kada a fasa bututunsa a gida. Na da can suna ɗauke da gas R12, mai lalata rufin ozon da ke kare duniya daga mugun hasken rana, wanda aka amince a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. A miƙa shi ga masu karɓar irin waɗannan kaya ko kamfanin da ya kawo sabon. Kafin a zo ɗauka, a kwance ƙofar ko murfin tun ranar farko. Yara na shiga mataccen firji wasan ɓuya, iska ba ta shiga, murya ba ta fita, kuma mutuwar yara ta wannan hanya ce ta sa Amurka ta yi doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta buɗu daga ciki. Murfin firiza ta kwance har yanzu ya fi ƙarfin hannun ƙaramin yaro. In ba za a iya kwance shi ba, a ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo, a juya bakinsa ga bango.